Daga Ayarin Jakai zuwa Jerin Kekuna: Tarihin Zumuncin Hanya a Ƙasar Shanono

Wanda ya san ƙauyukan da ke tsakanin Shanono da Bagwai da Tsanyawa da Gwarzo ya san safiyar ranar kasuwa da rani: magidanta biyar ko shida a jere bisa kekuna, wannan da buhun gero a kariya, wancan da kwandon kaji, suna ratsa burtali tsakanin gonakin da aka girbe. Mutane kan ɗauka hanya ce kawai ta haɗa su. Ina ganin abin ya wuce haka. Tafiya a ƙungiya tsari ne da ya girmi keke da ɗaruruwan shekaru, yana da shugabanci da dokoki, kuma amanar da ke tsakanin matafiya daga wannan tsari ta tsiro. Keke gado ya tarar.

Tarihin Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja. A ƙarni na 19 fataucin goro ya kai ƙololuwa, inda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe shi, kuma da yawa daga cikin Agalawa da Tokarawa manoma ne mazauna karkarar arewacin Kano, musamman ƙasar Bichi, da kudancin Katsina. Da an gama kaka sai a ɗaure wa jakai kanwa da tufafin rini da fatu, a nufi Salaga a ƙasar Gana ta yau, tafiyar watanni. Baturen nan Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kaiama cikin 1826, na mutum fiye da dubu, maza da mata. Taro irin wannan ba ya tafiya da ka. Madugu ne ke yanke ranar tashi da wurin sauka, jagaba na gaba yana duba hanya, uban dawaki na tattara kuɗin fito da na sarakunan da ake ratsa ƙasarsu, malamin ayari na riƙe da lissafi da addu'a.

A rayuwar yau da gobe ake ganin inda zumuncin ya samo asali. Da asuba ake ɗaura kaya, a yi tafiya kafin rana ta take, a ya da zango. A zango kowa da aikinsa: masu kafa bukka, masu kai jakai ruwa, mata masu dafa abinci, masu gadin dare. A hanyar dawowa kuwa goro ba ya haƙuri, dole a riƙa kwance huhu, a tsince wanda ya fara lalacewa, a yayyafa ruwa, a sake naɗewa da ganye. Mangala ba ta hawa bayan jaki sai da mutum a kowane gefe. Wanda ya ƙi kama wa ɗan'uwansa yau, gobe shi zai tsaya da kayansa a ƙasa ayari ya wuce, kuma a dajin da ke da mahara wannan hukunci ne mai tsanani. Unguwannin Zango da ke Kumasi da Ankara da Lome shaida ne cewa dangantakar ba ta watsewa da ƙarewar tafiya.

Mai suka zai ce wannan ƙawata tarihi ne, domin ayari neman riba ya fito, kuma akwai bayi a cikinsa da ke ɗauke da kaya ba da son ransu ba. Gaskiya ne, kuma bai kamata a rufe wannan ba. Ayari bai daidaita bawa da ubangidansa ba. Amma sukar tana ƙarfafa hujjar ne: idan mutanen da matsayinsu ya bambanta haka, kowa da tasa buƙatar, suka iya kwashe watanni suna kwana a zango ɗaya, to doka ce ta riƙe su, wadda ta hau kan mai jakai hamsin kamar yadda ta hau kan mai jaki biyu. Attajiri ma ba ya tashi kafin madugu ya ce a tashi.

Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya karya kasuwarta, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Ikko, hanyar da Alhassan Ɗantata ya yi fice a kanta. Dogon ayari ya mutu, amma kuɗin gyaɗa ya shiga hannun manomi, kuma keke, musamman Raleigh na Ingila wanda daga baya aka riƙa haɗawa a Kano, da Phoenix na ƙasar Sin, ya zama abin da ake buri bayan kaka. A nan ma akwai suka ta biyu: keke na mutum ɗaya ne, kowa da ƙafarsa yake tuƙi, don haka ya raba matafiya. Wanda ya ga keke ɗauke da buhu a cikin rairayi ba zai faɗi haka ba. Ƙaya ɗaya ta isa ta tsayar da tafiya, sai kowa ya sauka a inuwar marke, wani ya fito da famfo, wani da sholisho da guntun roba, a yi faci, a dama fura a sha. A hawa ana turawa juna, idan sarƙa ta tsinke ana raba kayan mai keken. Saurin jerin kuwa saurin mafi rauni ne, kuma dattijon da ya san hanya da masauki shi ake bi, ko da ba a kira shi madugu.

Babur da mota sun rage wannan, domin mai babur ba ya jiran kowa, ko da yake tsadar mai tun daga 2023 ta sa wasu sun kakkaɓe kekunansu. Abin da ya kamata a riƙe shi ne darasin: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma kakanninmu ba su bar wannan a baki ba, sun yi masa muƙamai da rabon aiki. Yau da hanyoyin iyakar Kano da Katsina ke fama da 'yan bindiga, ƙungiyoyin 'yan kasuwar ƙauye za su amfana idan suka dawo da tsarin a fili: lokacin tashi guda, shugaban tafiya da aka yarda da shi, asusun gyara da taimako, da ƙa'idar cewa ba a barin kowa a baya.