Tazarar da Ke Tsakanin Harbi da Harbi

A ƙarni na 19, Birnin Kudu da Gwaram garuruwan kan iyaka ne na ƙasar Kano, waɗanda suka sha fama da hare-haren Ningawa. Ganuwa da doki da kwari da baka su ne jigon yaƙin wancan zamani. Akwai bindiga, amma adaka ce, irin wadda har yau nake jin rugugin ta ranar hawan sallah.

Ita adaka ta baki ake ciyar da ita. Mai harbi zai tsayar da ita, ya zuba albarushi, ya sa harsashi, ya danna da sanda, sannan ya ɗana. Gwani ne ke harbi uku a minti guda, kuma da nisa ya wuce mita 100 sai dai sa'a. Idan damina ta jiƙa albarushi, ta zama gora. A tazarar nan ta ɗuri ne barde ke sakin linzami ya cim ma ɗan bindiga, shi ya sa doki bai rasa darajarsa ba.

Bindigar da ake ɗurawa ta gindi ta toshe wannan tazara. Albarushi da harsashi suna cikin kwanso ɗaya, soja na iya ɗuri yana kwance. Martini-Henry, wadda sojan Ingila suka karɓa a 1871, tana harbi kusan goma a minti, ta kuma kai ɗaruruwan mita. Turawa sun san darajar abin da ke hannunsu: a yarjejeniyar Burasal ta 1890 suka hana sayar wa yawancin Afirka irin wannan makami, suka bar mana adaka.

Sakamakon ya bayyana a 1903. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu. A Kwatarkwashi, sojoji ƙasa da 50 suka tare dawakin Kano, Waziri Ahmadu ya kwanta dama. Daga nan ganuwar Birnin Kudu da ta Gwaram, waɗanda suka tsare talakawa shekara da shekaru, suka tashi daga aiki.

A ganina, kuskure ne a ɗora faɗuwar kakanninmu a kan ƙarancin jarumta. Maƙeranmu sun iya gyaran adaka, ana kuma haɗa albarushinta a gida, amma kwanson tagulla sai masana'anta. Wanda kuwa ba ya ƙera makaminsa, mai sayarwa ne ke zaɓa masa abin da zai riƙe.