Kumburin jijiyoyin maraina: Ina bitamin ya tsaya wajen gyaran maniyyi?

Barikosil, kamar yadda likitoci ke kiransa, shi ne buɗewa da kumburin jijiyoyin da ke mayar da jini daga 'ya'yan maraina zuwa zuciya. Ba gwaiwa ba ce, domin gwaiwa taruwar ruwa ce ko gangarowar hanji. Ana samun sa a jikin kusan maza 15 cikin 100, amma a cikin mazan da ke zuwa asibiti saboda rashin haihuwa adadin yakan kai 35 zuwa 40 cikin 100. Galibi a hagu yake, saboda jijiyar hagu ta fi tsawo, kuma tana zubawa ne a jijiyar ƙoda ta wata kusurwa da ke hana jini tafiya salin-alin. Da yawan masu shi ba su jin ciwo, wasu kuwa nauyi suke ji idan sun daɗe a tsaye.

An halicci maraina a wajen ciki ne domin su fi jiki sanyi da digiri biyu ko fiye. Idan jini ya taru a jijiyoyin, zafi yakan ƙaru, iskar oksijin ta ragu, sai ƙwayoyin halitta su riƙa fitar da wasu sinadarai masu cin abin da suka taɓa, tamkar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Kaɗan daga cikinsu na da amfani wajen haɗuwar maniyyi da ƙwan mace, yawansu ne ɓarna. Ƙwayar maniyyi kuwa ba ta da garkuwar kirki: fatarta cike take da wani kitse mai saurin lalacewa, cikinta kuma babu wurin ajiye sinadaran kariya. Sai gudunta ya ragu, siffarta ta karkace, bayanan gadon da ke kanta su kakkarye.

A nan bitamin ke shigowa. Bitamin C da ke ruwan maniyyi ya ninka wanda ke cikin jini sau da yawa, bitamin E yana zaune a cikin kitsen fatar ƙwayar yana kare ta, idan ya raunana kuma bitamin C ke farfaɗo da shi. Bincike da dama ya nuna ƙarfin wannan kariya yakan ragu a maniyyin masu barikosil.

To sai dai shan ƙwayoyin bitamin bai cika burin da aka ɗora masa ba. Wani gwaji mai suna MOXI da aka wallafa a Amurka a 2020 ya kwatanta masu shan haɗin bitamin da masu shan ƙwayar da babu magani a cikinta, bai ga bambanci a ingancin maniyyi ba. Bitar ƙungiyar Cochrane ta 2022 ta ce akwai yiwuwar amfani, amma hujjar mai rauni ce. Bitamin ba ya matse jijiyar da ta buɗe, kuma wuce ƙima na iya cutar da ƙwayar da ake son karewa. Goba, lemo, garin 'ya'yan kuka, zogale da gyaɗa sun fi araha, barin sigari kuma ya fi kwalabe da yawa.

Matakin farko shi ne gwajin maniyyi, wanda sau da yawa akan tsallake shi a ɗora wa mace laifi. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya sanya ƙaramin mizani a ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita, 42 cikin 100 masu motsi, 4 cikin 100 masu cikakkiyar siffa. Idan likita ya ji kumburin da hannu, maniyyi ya gaza, haihuwa kuma ta yi jinkiri, akan ɗaure jijiyoyin ta ƙaramar tiyata ko a toshe su ta cikin jijiya. Ƙera maniyyi na ɗaukar kusan kwana 74, don haka sai bayan wata uku zuwa shida ake sake gwaji. Kumburin da ya bayyana kwatsam, musamman a dama, ko wanda ba ya saɓewa idan an kwanta, yana buƙatar hoton ciki da gaggawa, domin ƙari a ƙoda na iya haddasa shi.