Daphne bholua: daga takardar Nepal zuwa lambunan Ingila

Tun kafin masu lambu a Ingila su san ƙaramar bishiyar nan, Daphne bholua, mutanen Nepal sun daɗe suna yin takardar lokta da ɓawonta. Ƙwari ba sa cin takardar, shi ya sa ake rubuta takardun hukuma a kanta.

A 1962 Tom Spring-Smyth ya ɗauko wata daga gabashin Nepal ya kai Ingila. Daga 'ya'yanta ne Alan Postill ya samar da "Jacqueline Postill" a 1982. Ganyenta ba ya kaɗewa, ga fure mai ƙamshi a tsakiyar hunturu, sai dai ba ta son a sauya mata wuri bayan dashe.

A Nepal kuwa, in an sare ta sai an jira shekara 5 zuwa 7 kafin a sake girba. In aka yi gaggawa, bishiyar da sana'ar duka za a rasa.