Garantin Filasma: Wa Zai Tabbatar da Abin da Ya Kashe Talabijin?

A kasuwannin Arewa duk talabijin mai shafaffen allo sunanta filasma, duk da cewa manyan kamfanoni irin su Panasonic da Samsung da LG sun daina ƙera ainihin filasma tun wajen 2014. Abin da ake sayarwa yau a Sabon Garin Kano ko Alaba ta Legas galibi allon LCD ne da fitilun LED ke haska shi ta baya. Wannan bayani yana da amfani ga mai neman haƙƙinsa, domin rigimar garanti kusan kullum tana komawa ga tambaya guda: wane ɓangare ne ya lalace, kuma me ya lalata shi?

Cikin akwatin abubuwa kaɗan ne. Akwai allon kansa, wanda shi ne ya cinye mafi yawan kuɗin talabijin. Akwai layukan fitilu a bayansa, da faifan da ke karɓar wuta daga soket ya rarraba ta, da babban faifan da ke sarrafa sauti da hoto, sai wani ƙarami da ke aika hoton zuwa allo. Kowanne da alamar ciwonsa. Idan murya na fita amma allo ya yi duhu, aka haska shi da tocila aka ga inuwar hoto, to fitilun baya ne suka mutu. Da yake a jere ake haɗa su, ɗaya ta ƙone sai layin ya ɗauke. Idan zane ya tsaga hoton daga sama zuwa ƙasa, matsalar tana allo ko siraran igiyoyin da aka manna masa. Idan ko jan ɗigon nan na gaba bai kama ba, sai a fara zargin faifan wuta.

A nan gardama take farawa. Takardar garantin kamfani, wadda yawanci shekara ɗaya ce ko biyu, tana ɗaukar lahanin ƙira kaɗai. Ta cire fashewar allo da shigar ruwa da tsawa da hawa da saukar wuta, ta kuma cire duk talabijin da wani mai gyara da ba nasu ba ya buɗe. A ƙasar da wutar NEPA ke zuwa da ƙarfi ta koma ba sallama, gidaje kuma na sauyawa tsakaninta da janareta sau da yawa a yini, wannan togiya ta wuta ta zama ƙofa mai faɗi. Da an kai kaya, amsar da ta fi sauƙi a bakin mai shago ita ce wuta ce ta ƙona ta. Mai saye ba shi da awon da zai ƙaryata, wanda zai duba ya yanke hukunci kuwa ma'aikacin ɓangaren da zai biya ne.

Amma galibi wuta ba ta ɓarna a ɓoye. Idan ta yi tsalle, fis ne ke fara yankewa, ko ƙaramin abin kariyar da ke kusa da shi ya ƙone ya bar baƙin tabo a faifan wuta. Fitilun baya kuwa sun fi mutuwa saboda zafi da yawan hasken da aka ɗora musu, kuma wannan ya fi kusa da ƙira da ingancin kaya. Zane a allon da bai taɓa faɗuwa ba ma haka. Saboda haka mai saye yana da dalilin neman a nuna masa abin da aka ce ya ƙone, a kuma rubuta masa sakamakon binciken a takarda. A ganina ma togiyar kanta tana buƙatar a sake duba ta: kamfanin da ya kawo kaya Najeriya ya san irin wutarta, da yawa daga cikin akwatunan kuma a rubuce yake a bayansu cewa suna aiki daga bolt 100 zuwa 240. Bai dace a tallata wannan juriya ranar ciniki, a manta da ita ranar ƙorafi ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar takardar kamfani a matsayin iyakar haƙƙi. Ita alkawari ce da kamfani ya yi don kansa, da sharuɗɗan da ya zaɓa. Doka tana da nata. Dokar gasa da kare masu sayayya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu sayayya ta 1992. Sashe na 131 ya ce mai saye yana da haƙƙin samun kaya mai inganci, marar lahani, wanda zai yi aiki ya kuma jure na lokacin da hankali zai ɗauka. Sashe na 132 ya ba shi wata uku daga ranar karɓar kaya ya mayar wa mai sayarwa idan bai cika waɗannan sharuɗɗa ba, a gyara, ko a musanya, ko a mayar da kuɗi, ba tare da an ci shi tara ba. Nauyin yana kan wanda ya karɓi kuɗin, ko da katin garanti ko babu. Rubutun nan na ƙasan rasit mai cewa kayan da ya fita ba ya dawowa ba ya soke wannan.

Bahaushe bai kamata ya ji wannan baƙo ba. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu ya daɗe da ba mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya gano aibin da ke jikinsa tun kafin ciniki, wanda ba a bayyana masa ba. Abin da ya sauya shi ne wahalar hujja. Gurguntar akuya ido na ganinta, dattawan kasuwa su raba gardama. Aibin da ke cikin faifan lantarki sai mai awo.

To me ya sa mutane ke rasa haƙƙinsu duk da haka? Sau da yawa tun ranar saye aka yi asarar. An karɓi rasit babu lambar da ke bayan akwatin, ko ba a karɓa ba sam saboda mai shago ɗan unguwa ne, neman takarda a wurinsa kamar rashin yarda ne. Ba a kunna talabijin ɗin a shago an duba allo ba, sai a gida aka ga tsaga, kowa ya ɗora wa mai adaidaita. Wani kuma kayan ya shigo ne ta bayan fage daga Dubai, lambarsa ba ta cikin rajistar wakilin kamfani na Najeriya, don haka cibiyar gyara za ta ce ba nata ba ne; kayan Beljiyam kuwa, wato na hannu, garantinsu bai wuce 'yan kwanakin gwaji da aka yi da baki ba. Sannan ga gaggawa: ranar da hoto ya ɗauke ana tsakiyar kallon ƙwallo, sai a kira mai gyaran bakin titi ya kwance bayanta, hatimi ya yage, alkawarin kamfani ya faɗi.

Faɗuwar naira ta ƙara dagula lissafi. Dala da take kusan naira 460 a farashin hukuma a watan Mayun 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Mai shago ba ya son musanya, don sabuwar ta fi tsohuwar tsada. Mai saye kuma idan aka mayar masa da kuɗinsa bayan watanni ba za su saya masa irinta ba. Shi ya sa jan lokaci ya zama makami. A ce ana jiran kayan gyara daga Legas, mako ya zama wata, wata uku su shige, mutum ya gaji ya ce ya bar wa Allah.

Maganin jan lokaci shi ne rubutu mai kwanan wata. Saƙon WhatsApp zuwa ga mai shago ranar da matsala ta bayyana, da hoton allon da na lambar akwatin, ya isa ya nuna an kai kuka cikin wa'adi. Idan an bar talabijin a cibiyar gyara, a karɓi takardar da ta faɗi halin da aka karɓe ta, musamman cewa allo bai fashe ba. In abin ya ci tura, ƙungiyar 'yan kasuwar kan sasanta da sauri, domin ɗan kasuwa yana jin kunyar shugabanninsa fiye da wasiƙar hukuma. Bayanta akwai FCCPC, a Kano akwai hukumar kare masu sayayya ta jiha, kotu kuma tana nan, sai dai kuɗin lauya kan kai kuɗin talabijin mai inci 43 kafin a zauna zaman farko.