Cerner: Kamfanin da Ya Saya, Aka Saye Shi

Cerner kamfanin Amurka ne mai haɗa manhajar adana bayanan marasa lafiya a kwamfuta, wadda ta maye gurbin katin asibiti da fayil ɗin takarda. Neal Patterson da Paul Gorup da Cliff Illig ne suka kafa shi a birnin Kansas a 1979 da sunan PGI. Ya koma Cerner a 1984, ya shiga kasuwar hannun jari a 1986.

 

A cikin saye-sayen da Cerner ya yi, cinikin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne na sashen bayanan lafiya na kamfanin Siemens na Jamus. Shi ma Siemens sayen sashen ya yi: a shekarar 2000 ya biya kimanin dala biliyan 2 ya mallaki Shared Medical Systems na jihar Pennsylvania, ya kuma fito da manhajar Soarian. A 2009 Amurka ta kafa dokar HITECH, wadda ta ware biliyoyin daloli ga asibitoci da likitocin da suka koma amfani da kwamfuta. Cikin 'yan shekaru mafi yawan asibitoci suka zaɓi manhajarsu. Asibitin da ya horar da dubban ma'aikata a kan wata manhaja kuwa, ba ya sauya ta cikin sauƙi. Sai ya zamana hanya mafi kusa ta samun sabbin abokan ciniki ita ce a saye kamfanin da ke da su.

An sanar da cinikin Cerner da Siemens a watan Agustan 2014, aka kammala a Fabrairun 2015 a kan dala biliyan 1.3, ƙasa da abin da Siemens ya biya tun farko. Cerner na da tasa manhajar, Millennium, saboda haka ba Soarian ce ta ja shi ba, asibitocin da ke kanta yake so. Wasunsu kuma, da lokacin sauyi ya zo, sai suka koma wajen babban abokin hamayyarsa, Epic na jihar Wisconsin, wanda Judy Faulkner ta kafa a 1979, bai shiga kasuwar hannun jari ba, kuma ba ya sayen kamfanoni.

Patterson ya rasu a Yulin 2017. A Mayun 2018 Cerner ya sami kwangilar dala biliyan 10 ta asibitocin tsoffin sojojin Amurka. An fara aikin a birnin Spokane a Oktoban 2020, ƙorafin likitoci ya yi yawa, aka dakatar da faɗaɗa shi a Afrilun 2023.

Ana cikin wannan ne kamfanin Oracle ya sanar, a Disamban 2021, cewa zai saye Cerner a kan kimanin dala biliyan 28.3, ya kammala a Yunin 2022, ya raɗa masa suna Oracle Health. Yawan asibitocin Amurka da ke amfani da manhajar Epic ya zarce na Oracle Health.