Tafi Bai Ɗaya da Gadon Mulki: Abin da Garwa Ta Gani



Akwai wani irin tafi da aka san ƙasashen jam'iyya ɗaya da shi. Dubban wakilai za su miƙe tsaye a zauren taro, su riƙa buga hannu lokaci guda kamar masu lugude a turmi ɗaya, kowa yana satar kallon na kusa da shi don kada ya zama shi ne ya fara sauke hannu. A ƙasashen gurguzu abin ya kai maƙura. A Romaniya, a babban taron jam'iyya na Nuwamban 1979, wani dattijo mai shekara 84, Constantin Parvulescu, ya tashi ya ce bai yarda a sake zaɓen Nicolae Ceausescu ba. Aka janye masa wakilcinsa, zaure ya koma tafi. Ranar 24 ga Nuwamba 1989 aka sake zaɓen Ceausescu da irin wannan tafi, ranar 21 ga Disamba jama'a suka yi masa ihu a dandalin Bukarest, ranar 25 aka harbe shi.

Kamaru ba ta bi tafarkin gurguzu ba, amma wannan salon taro ba baƙonmu ba ne. Ahmadu Ahidjo, wanda aka haifa nan Garwa a 1924, ya haɗe jam'iyyun ƙasa suka zama UNC ranar 1 ga Satumba 1966. Tun 1962 akwai dokar da ta mayar da sukar hukuma laifin zagon ƙasa. Daga nan zaɓe ya koma ɗan takara ɗaya, ƙuri'a kuwa sama da kashi 99 cikin ɗari. Iyayenmu Hausawa, fatake da mahauta da maɗinka da malamai, sun sayi katin jam'iyya, sun yi layi a bakin titi ranar da shugaba zai zo gida. Wanda aka fi shi yawa a gari ya san cewa zama lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Ranar 4 ga Nuwamba 1982 Ahidjo ya sanar da murabus ta rediyo. Bayan kwana biyu aka rantsar da Paul Biya, firaminista tun 1975, wanda gyaran tsarin mulki na 1979 ya sa shi magaji. Bello Bouba Maigari ya zama firaminista. Sai dai Ahidjo ya riƙe shugabancin jam'iyya, ƙasa ta wayi gari da jagora biyu. A Janairun 1983 aka kori Moussa Yaya, tsohon amininsa, daga UNC saboda adawa da sabon shugaba. A ranar Ahidjo ne da kansa ke hukunta masu ƙin Biya. Wata bakwai bayan haka, shi ne wanda ake tuhuma.

Ranar 22 ga Agusta 1983 Biya ya sanar da gano makirci, ya sauke Bello Bouba, ya raba lardin Arewa gida uku: Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa. Garwa, wadda a da take hukunci daga Ngaundere har gaɓar Tafkin Chadi, ta koma hedikwatar lardi ɗaya cikin uku. Ahidjo, yana Faransa, ya ajiye shugabancin jam'iyya. A watan Satumba wakilan UNC suka ɗora Biya a kujerar, hannuwan da suka tafa wa wancan su suka tafa wa wannan. A Janairun 1984 aka zaɓi Biya da sama da kashi 99, a Fabrairu kotun soja ta yanke wa Ahidjo hukuncin kisa a bayan idonsa, daga baya aka sassauta.

Ranar 6 ga Afrilu 1984 wasu dakarun tsaron fadar shugaban ƙasa, akasarinsu 'yan Arewa, suka yi yunƙurin juyin mulki a Yawunde. Ya ci tura. Aka yi shari'ar soja, aka harbe mutane a Mbalmayo, ciki har da Issa Adoum, shugaban asusun FONADER. Zargi ya lulluɓe Arewa baki ɗaya. Da yawanmu muna yara a lokacin, amma mun ga yadda manya suka rage murya a majalisa, aka sauke hotuna daga bangon shaguna. A Maris 1985, a Bamenda, UNC ta sauya suna ta zama RDPC. Ahidjo ya rasu a Dakar ranar 30 ga Nuwamba 1989, kwana shida bayan tafin ƙarshe da aka yi wa Ceausescu. Kabarinsa yana maƙabartar Yoff har yau, nesa da babban masallacin Poumpoumré.

Abin da tafi ya rufe ya fito fili da aka halatta jam'iyyu a Disamban 1990. A zaɓen majalisa na Maris 1992, UNDP ta Bello Bouba ta ci kujeru 68 cikin 180, da yawansu daga Arewa. Saɓanin yana nan tun da daɗewa, ƙofar fita ce ya rasa. Shugaban da ya kewaye kansa da 'yan amshin Shata ya toshe wa kansa kunne, ba ya jin labarin ɓaraka sai ranar da bango ya tsage.

Wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye, domin mu ma muna naɗa sarkin Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa da na ƙungiyoyi. Sau nawa ake tashi taro da kabbara da tafi, a fita waje a raba gari biyu? Magabata sun bar mana shawara kafin mubaya'a, kuma Sayyidina Abubakar, ranar da aka ɗora shi, ya nemi jama'a su gyara masa idan ya karkace. Saboda haka idan batun magaji ya taso a cikinmu, a ba mai ƙorafi wurin zama, a saurare shi har ya dasa aya, sakatare ya rubuta abin da ya faɗa, sannan a yanke hukunci. Mu da muke 'yan tsiraru a Garwa ba mu da yawan da za mu yi asararsa a rabuwar kai.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.