Mai Wurno da Dajin da Ya Ja Baya

Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a shekarar 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas tare da jama'arsa. Suka sauka a bakin Shuɗin Kogin Nilu, kudu da Sinnar, suka kafa garin da ake kira Mai Wurno. Alhazai Hausawa da Fulani masu tafiya Makka a ƙasa suka riƙa yada zango a can, wasu suka zauna, suna noma da kamun kifi.

A wancan zamani daji ne ya kewaye ƙauyuka: bagaruwa a gaɓar kogi, aduwa da ƙaya a tudu. Barewa da zabin daji da kura suna kusa da gona, kada kuma yana cikin ruwa.

A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe Shirin Noman Jazira domin auduga. Hausawa da yawa suka shiga aikin tsinkar auduga. Da aka ƙara yankin Manaƙil daga ƙarshen shekarun 1950, filin ya kai kimanin eka miliyan biyu. Wad Madani da Sinnar suka bunƙasa, gidaje suka ci gonakin bayan gari, buƙatar itace da gawayi ta ci dajin da ke bayan gonakin.

A kudu maso gabas kuwa, noman dawa da tarakta ya bazu, musamman bayan 1968. An keɓe gandun dajin Dindir tun 1935, amma dabbobinsa kan fita waje da damina neman kiwo. Da suka tarar gonaki sun tare hanyoyinsu, sai yawansu ya ragu, raƙumin dawa ya ɓace daga gandun.

Wasu halittu kuma sun samu. Tsuntsun janbaki ya sami dawa, ɓera ya sami rumbu, katantanwar da ke yaɗa tsargiya ta sami magudanun ban ruwa. Wato manya sun tafi, ƙananan da ke iya zama da mutum suka yawaita, manomi kuma shi ke biyan kuɗin wannan canji.

In daji ya ƙi ka, gida ya karɓe ka. Ga barewar Jazira, dajin ne ya ƙare, gidan kuwa ba nata ba ne.